Ranar da aka ce Facebook zai bar Najeriya: shari'ar Meta daga rumfar albasa a Mile 12

Farkon watan Mayun 2025 ne, da hantsi. Ina zaune a kan benci a rumfar kawuna da ke sashen 'yan albasa na kasuwar Mile 12 a Legas, ina shigar da lissafin buhunan da aka sauke da asuba, sai na ga ya manna waya a kunne. Ya saurari wani saƙon murya har ƙarshe, ya sake kunna shi, sannan ya miƙo mini wayar.

"Kai da ka yi boko, saurari wannan. Da gaske ne za a rufe mana waya?"

Muryar wani direba ce, ana jin ƙugin mota a bayansa, yana cewa ya ji a rediyo Facebook zai tattara komatsansa ya bar ƙasar saboda gwamnati ta ci shi tara. Labarin ya ƙara kitse a hanya, amma yana da tushe. Kamfanin Meta, wanda ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya rubuta a takardun da ya shigar kotu cewa matakan hukumomin Najeriya na iya tilasta masa rufe Facebook da Instagram a ƙasar. A wannan karon ba a saka WhatsApp a ciki ba. Na yi wa Kawu bayanin haka. Ya dube ni ya ce, "Ba ka ce duk na mutum ɗaya ba ne? To wanda ya rufe ƙofar zaure, me zai hana shi rufe ta ɗaki?"

Tun ranar nake juya wannan tambayar, domin ita ce muhawarar da ake yi a kotunan Amurka da Turai kan ko ya kamata gwamnatoci su yanka manyan kamfanonin fasaha gida-gida.

Sai wanda ya zauna a rumfa zai san yadda wayar ta shiga jinin wannan sana'a. Kafin tirela ta taso daga Aliero ta jihar Kebbi ko wani ƙauyen Sakkwato, an riga an turo wa Kawu bidiyo: an farke bakin buhu, an zube albasar a ƙasa, an ɗaga ɗaya a tafin hannu don ya ga girmanta da bushewar ɓawonta. A saƙon murya ake yin ciniki, a faɗi kuɗi, a taya, a yi albarka, a sallama. Hoton shaidar tura kuɗi ya biyo baya. Direba ya sanar ya wuce Kontagora, ya tsallake gadar Jebba, ya maƙale a cunkoson Ogbomoso. Yawancin manyanmu a kasuwar karatun allo suka yi, rubutun boko ba ya yi musu sauri, don haka saƙon murya ya zame musu sakatare. A da sai mutum ya tura yaro arewa da kuɗi ɗaure a ƙugu, ya zauna yana addu'a.

A Agege kuma ga ƙanwar matata. Turaren wuta da humra take haɗawa a tsakar gida, ta zuba a kwalabe, ta ɗauki hoto a kan farin ƙyalle kusa da taga, ta sa a Instagram. Masu sayenta suna Lekki da Ikeja da Surulere, akwai 'yan arewa, akwai Yarabawa da Inyamurai. Ba ta biyan hayar shago, wanda a Legas sai ka dire ta shekara guda kafin a ba ka mukulli. Shafin nan shi ne shagonta, kuma da shi take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta biyu. A daren da labarin ya bazu ta kira ni: "Yaya, in an rufe, mutanena fa? Ni ban da lambar ko rabinsu."

Na kawo waɗannan ne don kada wani ya zaci ni maƙiyin waɗannan manhajoji ne. Sun yi mana rana, kuma suna kan yi. Abin da ke damuna shi ne yadda abincin dubban gidaje ya rataya a kan shawarar da za a yanke a wani ofis a Kalifoniya.

Yadda shari'ar ta faro

A watan Janairun 2021 WhatsApp ya fito da sabuwar ƙa'idar sirri, ya ce ko ka amince ko ka rasa damar amfani da shi. Ƙa'idar ta shafi yadda ake musayar bayanan masu amfani tsakanin WhatsApp da sauran kamfanonin gidan. Hukumar kula da gogayyar kasuwanci da kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta buɗe bincike a watan Mayun shekarar, lokacin Babatunde Irukera yana shugabanta, daga baya aka ci gaba da shi tare da haɗin gwiwar hukumar kare bayanan jama'a, NDPC. Aka ɗauki wata 38 kafin a fitar da sakamako. A Yulin 2024, Adamu Abdullahi yana riƙon hukumar, aka sanar da tarar dala miliyan 220.

Laifuffukan da hukumar ta lissafa sun haɗa da hana 'yan Najeriya iko da bayanansu, da kai bayanan wani wuri ba tare da izini ba, da nuna musu bambanci idan aka kwatanta da masu amfani a wasu ƙasashe, da kuma fakewa da rinjayen kasuwa wajen ƙaƙaba wa mutane ƙa'idar da ba su da zaɓin ƙi. Meta ya musanta, ya ɗaukaka ƙara. A Afrilun 2025 kotun musamman ta gogayya da kare masu saye ta tabbatar da tarar, ta ƙara dala 35,000 kuɗin bincike. Kafin nan NDPC ta ci kamfanin tata tarar ta dala miliyan 32.8, hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ita ma ta sa naira biliyan 60. Jimilla aka doshi dala miliyan 290. Daga nan ne maganar rufewa ta fito, FCCPC kuma ta mayar da martani cewa barazanar ficewa ba ta wanke kowa daga hukuncin kotu. Ba a rufe komai ba. Zuwa ƙarshen 2025 Meta da NDPC suka sasanta tasu rigimar a wajen kotu.

Jaridu sun fi ɗaukar adadin kuɗin, amma ni ban ga kuɗin a matsayin zuciyar lamarin ba. Meta ya samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 160 a 2024. In ka raba, dala miliyan 220 kusan cinikin rabin yini ne. Abin da ya fi nauyi shi ne umarnin da ya zo tare da tarar: a daina haɗa bayanan WhatsApp da na Facebook sai da yardar mai su, a koma yadda ake kafin a tsananta musayar. Wannan katanga ce aka ce a gina a tsakiyar gida. Ba a ce a sayar da ɗaki ko ɗaya ba, amma an ce kada a riƙa kwasar kayan wannan ɗaki ana kaiwa wancan. Shi ne mafi kusa da raba kamfani da wata hukuma a Abuja za ta iya yi, kuma a kansa ne kamfanin ya fi tayar da jijiyar wuya. Tun a 2024 WhatsApp ya ce bin umarnin yadda yake zai sa ba zai iya ci gaba da aiki a Najeriya ba.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Hukumar gogayya ta Indiya ta ci Meta tara a Nuwamban 2024 kan wannan ƙa'idar ta 2021. Tarayyar Turai kuwa tun 2017 ta ci Facebook tarar yuro miliyan 110, saboda lokacin da zai sayi WhatsApp ya shaida wa masu bincike cewa ba zai iya haɗa asusun manhajojin biyu kai tsaye ba, sai ga shi a 2016 ya fara haɗa lambobin waya.

Gida ɗaya, ƙofa uku

Instagram da WhatsApp ba a gidan Facebook aka haife su ba. Sayo su aka yi: Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, WhatsApp a 2014 kan kimanin dala biliyan 19. Hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta bari cinikin ya wuce a lokacin, sannan a Disamban 2020 ta dawo ta shigar da ƙara tana neman a warware shi. Cikin hujjojinta akwai wata wasiƙar Mark Zuckerberg ta 2008 inda ya nuna cewa sayen abokin gogayya ya fi yin takara da shi.

Da na fassara wa Kawu wannan, bai yi mamaki ba. Ya ce ai a kasuwa ma an san mai irin wannan hali, wanda in ya ga ƙaramin ɗan kasuwa ya fara jan masu saye sai ya saye kayansa gaba ɗaya tun a kan mota. Ya ƙara da wata magana da ta tsaya mini a rai. Ya ce a tuna ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kawo kaya kudu. Kusan mako guda kawai aka yi, amma kwandon tumatir a Mile 12 ya gagari talaka. "Mu ma mun taɓa cewa za mu daina zuwa," in ji shi, "kuma an saurare mu, saboda hanya ɗaya ce kayan ke biyowa. Wanda ya ce zai tafi, ya san ba ka da wani."

Wannan shi ne ma'aunina. Kamfanin da zai iya ce wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ko a sassauta doka ko ya tafi, kuma 'yan ƙasar su tsorata fiye da yadda shi ya tsorata, ya wuce girman da ya dace da ɗan kasuwa. An kuma ga illar tara komai a rufi ɗaya a ranar 4 ga Oktoban 2021, da manhajojin uku suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida a duk duniya saboda kuskure ɗaya a na'urorin kamfanin. Da masu su daban-daban ne, da wuya su mutu tare.

Don haka in aka tambaye ni ko a raba Instagram da WhatsApp daga Facebook, zan ce a raba. Ɗinkin yana nan a bayyane, an san inda aka haɗa, kuma kowannensu ya taɓa tsayawa da ƙafarsa. Ba abu ne da ba a taɓa yi ba: hukumar gogayya ta Birtaniya ta tilasta wa Meta sayar da Giphy, dandalin 'yan gajerun hotuna masu motsi, wanda ya saya a 2020, kuma ya sayar a 2023.

Sai dai wuƙar ba a hannunmu take ba, kuma masu riƙe da ita sun mayar da ita kube. A Nuwamban 2025 alƙali James Boasberg ya yanke cewa FTC ba ta tabbatar Meta yana da babakere a yanzu ba, tunda TikTok da YouTube suna gogayya da shi wajen cin lokacin jama'a. Wataƙila haka ne ga matashin Amurka da ke neman abin kallo. Amma kawuna ba zai yi cinikin tirelar albasa a TikTok ba. Kasuwar Amurka alƙalin ya auna, ba ta Mile 12 ba, kuma ba aikinsa ba ne ya auna tamu. Haka aka yi da Google. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya same shi da laifin riƙe babakere a harkar bincike a intanet, bayan an nuna cewa a 2021 kaɗai ya biya sama da dala biliyan 26 don ya zama shi ne zaɓin farko a wayoyi da manhajojin shiga intanet. Da aka zo maganin cutar a Satumban 2025, alƙalin ya ƙi umartar a sayar da Chrome, manhajar shiga intanet ta Google. Ko Microsoft da wani alƙali ya ce a raba biyu a 2000, kotun gaba ta soke umarnin a shekarar da ta biyo.

Inda aka yi rabon da gaske ma, sakamakon gauraye ne. A Amurka an yanka kamfanin man fetur na Standard Oil gida 34 a 1911, amma wanda ya kafa shi, Rockefeller, ya ƙara arziki da hannayen jarinsa a gutsattsarin. An raba kamfanin waya na AT&T a 1984, kiran nesa ya yi araha, amma cikin shekara ashirin da 'yan kai yawancin 'ya'yan suka sake haɗewa.

Abin da NITEL ya koya mana

A nan ne nake rabuwa da abokaina da ke ganin raba kamfani shi ne ƙarshen magana. A ce gobe an cire WhatsApp daga Meta an ba shi sabon mai gida. Jibi da safe Kawu zai buɗe wayarsa, WhatsApp ɗin dai zai shiga, domin can manomin Aliero yake, can direba yake, can matar da ke sarar buhu goma ta kai Oyingbo take. Mutane ne ke sa kasuwa ta ci, ba rumfuna ba. A Janairun 2021 da yawa daga cikinmu mun sauke Telegram da Signal cikin fushi, muka shiga muka tarar ba kowa, muka dawo.

Mu 'yan Najeriya mun taɓa fita daga irin wannan ƙangi, kuma ba da wuƙa muka fita ba. Waɗanda suka manyanta sun tuna zamanin NITEL, kamfanin waya na gwamnati, lokacin da layukan waya a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, mutum ya bi layi a ofishin waya don ya gaida mahaifiyarsa a Kano. A Janairun 2001 hukumar sadarwa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula kan dala miliyan 285 kowanne. MTN da Econet suka fara aiki a shekarar, ana cajin naira 50 a minti ko da daƙiƙa biyar ka yi. Da Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi ba shiri. Amma abin da mutane ke mantawa shi ne dokar da ta wajabta wa kamfanonin su haɗa layukansu. Sabon shiga ba ya buƙatar ya jawo duk danginka kafin layinsa ya yi maka amfani, tunda kana iya kiran kowa daga kowane layi. A Afrilun 2013 aka ƙara da damar ƙaura daga wani kamfani zuwa wani da lambarka a hannu. Haka banki: yau kana tura kuɗi daga kowane banki zuwa wani cikin daƙiƙoƙi ta hanyar NIBSS, tsarin da ya haɗa bankuna wajen tura kuɗi, shi ya sa ƙananan kamfanonin kuɗi na waya suka samu wurin zama har a rumfar mai shayi. A daren 4 ga Oktoban 2021 ɗin ma, abin da ya ceci ciniki shi ne kiran waya na gargajiya, wanda ba ya tambayar wane layi ɗan'uwanka yake riƙe.

Irin wannan ƙofar nake so a buɗe a manhajojin saƙo da na zumunta. Mai Telegram ya iya aika wa mai WhatsApp saƙo. Wani yaro a Yaba ko Kano ya ƙirƙiro manhajar da ta dace da 'yan gwari, mai jin Hausa, mai cin data kaɗan, kuma daga ranar farko ya iya isa ga kowa. Ƙanwar matata ta iya kwashe jerin masu sayenta ta koma wani dandali kamar yadda ake ƙaura da lamba. Ba mafarki ba ne. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai, wadda sharuɗɗanta suka fara aiki a Maris 2024, ta riga ta wajabta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajojin saƙo, amma ga mazauna Turai kawai. Abin da aka iya yi wa mutumin Faransa ana iya yi wa mutumin Agege.

Na san buɗe ƙofa na da haɗari. 'Yan damfara ma ƙofa suke nema, kuma sai an tabbatar sirrin saƙo bai zube ba a wurin haɗa manhaja da manhaja. Na kuma san girman waɗannan kamfanoni ne ke biyan wasu abubuwan da muke mora, kamar igiyar intanet ta ƙarƙashin teku ta Google, Equiano, da ta sauka a Legas a Afrilun 2022. Waɗannan dalilai ne na yin aikin da hankali, ba na barinsa ba.

Akwai kuma tsoron da ba zan ɓoye ba, na ita kanta gwamnati. Mun ga yadda aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai, bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa. Masu sana'a a dandalin ne suka sha wuya. Shari'ar FCCPC ta bambanta da wannan, domin an yi bincike, an ba wanda ake tuhuma damar kare kansa, an je gaban alƙalai, an fitar da hukunci a rubuce. Wannan hanyar nake goyon baya. Duk ikon da za a ba hukuma kan waɗannan kamfanoni, a ɗaure shi da kotu, kada ya zama makullin da mai mulki zai murɗa ranar da aka ɓata masa rai.

Dokar gogayya ta Najeriya sai a farkon 2019 aka sa mata hannu, sama da shekara huɗu bayan an gama sayen WhatsApp, don haka ba mu da bakin magana a wancan cinikin. Amma tana ba hukumar ikon duba haɗewar kamfanoni nan gaba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan barazanar tafiya tana tasiri ne a kan ƙasar da ke tsaye ita kaɗai. ECOWAS tana da hukumar gogayya ta yanki a Banjul. Da Najeriya da Ghana da Senegal da sauransu za su gabatar da sharaɗi iri ɗaya a rana ɗaya, da lissafin kamfanin ya sauya.

Mako guda bayan saƙon direban nan, Kawu ya aiki yaro ya sayo littafi mai bango mai kauri, irin na lissafin kasuwa. Bayan la'asar, kasuwa ta lafa, ya zauna yana buɗe wayarsa suna bayan suna, yana faɗa ina rubutawa: sunan mutum, garinsa, lambarsa, da abin da ke tsakaninsu na bashi ko ajiya. Kwana uku muka yi muna wannan aiki. Ƙanwar matata ita ma ta fara tambayar duk wadda ta sayi turare lambar waya, tana rubutawa a bayan littafin odarta. Littafin Kawu yana cikin akwatin ƙarfe tare da rasitan rumfa, kuma duk sabon manomin da aka haɗa shi da shi, kafin a yi maganar farashi sai ya juyo ya ce mini, "Ɗauko littafin nan, sa shi a ciki."